Ka ɗura tawada amma firinta na cewa ta ƙare: bayani kan riset da abin da yake yi

Duk mai firinta ta tawada a shago, a Agege yake ko Idi-Araba ko Mile 12, ya san wannan takaicin, ka ɗura tawada da hannunka, ga sirinji nan a kan tebur ko wanke shi ba ka yi ba, yatsunka sun yi baƙi, ka mayar da katirij, wato kwalin tawadar, ka rufe murfi, sai firinta ta ci gaba da ƙifta maka wuta wai tawada ta ƙare, ga mutum a tsaye yana jiran silif ɗinsa na JAMB ko na NIN. Daga nan sai a fara zargi, wani ya ce tawadar jabu ce, wani ya ce katirij ya mutu, wani ya ce a kai firintar Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, a yi mata riset. Kuma in ka tambayi mutum uku me ake nufi da riset ɗin nan amsa uku za ka samu, dukkansu da ɗan gaskiyarsu, don abubuwa ne daban-daban aka haɗa musu suna ɗaya.

Tushen maganar shi ne, yawancin firintocin nan ba sa ganin tawadar da ke cikin katirij. Babu wani ma'auni a ciki da ke leƙawa ya ce saura kaza. Lissafi kawai suke yi. Kamfani ya san mil nawa, wato mililita, ya zuba a sabon katirij, ya kuma san girman kowane ɗigo da hed, wato kan da ke zuba tawada a takarda, ke fesawa, ɗigon nan ƙanana ne ƙwarai, da fikolita ake auna su, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na lita, ɗigon kala na wasu Canon fikolita 2 ne, na wasu Epson masu buga hoto 1.5. Toh firinta tana ƙirga duk ɗigon da ta fesa, ta haɗa da abin da ta zuƙe lokacin wanke hed, ta cire daga jimillar farko, abin da ya rage shi ne wancan zanen da kake gani a kwamfuta yana sauka. Kamar mutumin da aka ba shi gadin randa ne aka ce cikinta moɗa hamsin, shi ba ya buɗe murfi, moɗar da aka ɗiba kawai yake ƙirgawa, in ya kai hamsin sai ya ce ruwa ya ƙare, ko da kuwa ka zagaya ta baya ka cika randar taf bai sani ba, don ba a gaya masa ya sake ƙirga daga farko ba. Riset shi ne gaya masa ɗin. Ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya na tawada, ba ya buɗe hed da ya toshe, lamba kawai yake gyarawa.

A ina ake ajiye lambar? Nan ne kamfanoni suka rabu, kuma nan ne ya kamata ka san irin firintarka kafin ka ba wani kuɗinka.

Mu fara da Canon masu katirij biyu, baƙi da mai kala, irin MG2540, MG2545S, iP2840, TS3140 da TS3340 waɗanda ke cin PG-445 da CL-446, su ne suka cika ƙananan shaguna saboda arahar kuɗin saye. A waɗannan hed ɗin a jikin katirij yake, firinta kuma tana gane kowane katirij da lambarsa. In lissafi ya kai ƙarshe za ta tsaya, kwamfuta ta nuna 1686 ko 1688, mai ɗan allo ta rubuta E13 ko E16, wadda ba ta da allo kuma wutar gargaɗi ta ƙifta sau 13 ko 16 ta ɗan huta ta sake. Abin yi a nan ba sirri ba ne, a cikin littafin Canon ɗin ma yake: kada ka kashe firinta, kada ka cire katirij, yayin da saƙon ke nan ka danne maɓallin Stop, mai alamar kusurwa uku a cikin da'ira, ka riƙe shi aƙalla daƙiƙa 5, za ka ji ta motsa ta ci gaba da bugawa daga inda ta tsaya. Baƙi da mai kala kowanne da nasa lokacin, in ka yi wa baƙi yau, ranar da na kala ya kai sai ka sake. Amma a lura, wannan ba ya mayar da zanen tawada ya cika, kashe ƙirgar gaba ɗaya yake yi ga wannan katirij ɗin, daga ranar za ka riƙa ganin wurin babu komai kuma ƙaramar wutar tawada na iya ci gaba da kunnuwa, ba matsala ba ce. Sannan ba za ka iya yin sa tun kafin saƙon ya fito ba, in tana cewa tawada ta yi ƙasa ne kawai sai ka ci gaba da aikinka har ta tsaya da kanta. Na sha ganin an karɓi kuɗin mutane a kan danna maɓallin nan, a shiga da firinta ciki a ce ana haɗa ta da kwamfuta, a fito bayan rabin awa, wallahi abin yana min ciwo.

HP masu katirij biyu, su 123, 650, 652 da 305 da ke cikin DeskJet 2130, 2135, 2320, 2710 da 'yan uwansu, nasu labarin ya fi sauƙi ta wani gefen ya fi ban haushi ta wani gefen. Sauƙin shi ne yawanci ba sa tsayar da kai don lissafi ya ƙare, za ta ce tawada ta yi ƙasa, ko ta ce ta ga katirij da aka taɓa amfani da shi ko na jabu, ka danna ka ce ka ji ka gani, ta ci gaba. Ban haushin shi ne babu hanyar kirki ta mayar da zanen ya cika. Dabarar liƙa salatif a kan wasu daga cikin ɗigogin tagulla na bayan katirij, a kunna a kashe a sake liƙawa a wani wurin, ta zamanin su 27, 28, 56 da 57 ce, lokacin firinta na tuna lambar katirij biyu ko uku na ƙarshe ne kawai, in ka ruɗe ta da sababbin lambobi sai ta manta na farkon ta ɗauke shi sabo. Har yau bidiyon dabarar na yawo a YouTube kuma yara na gwadawa a kan 305, a ƙarshe gam ɗin salatif ya ɓata tagullar firinta ta daina ganin katirij ɗin kwata-kwata. Ka bar wutar ta yi ta ƙiftawa, ba ta cin komai. Abin da ya fi muhimmanci a HP shi ne wani saiti na kare katirij da ke cikin manhajarsu, in yana kunne to duk sabon katirij da ka saka ya ɗauru da wannan firintar, in ka kai shi wata za ta ƙi shi ta ce an kulle shi ga wata firinta. Mai firinta biyu a shago, ko mai sayen fankon katirij yana ɗurawa, ya kashe saitin nan tun kafin ya saka sabo, don in ya riga ya kulle kashewa daga baya ba ta kwance shi.

Sai masu katirij huɗu, biyar ko shida, kowace kala da nata, hed kuma a jikin firinta. Nan ne cip ya shigo, ɗan ƙaramin allo kore mai ɗigogin ruwan gwal a gaban katirij, a cikinsa ake rubuta lambar, ba a cikin firinta ba, shi ya sa ko ka ɗauke shi ka kai wata firinta zai je da lissafinsa. Epson ce ta fi shahara da wannan, su T0711, T0801, T0821, T1281, kuma ita ba ta da maɓallin haƙuri irin na Canon, in cip ɗaya ya ce sifiri, ko da ruwan ɗorawa ne kai kuma baƙin rubutu za ka buga, yawancinsu sai su tsaya cak. Hanya biyu ce a nan. Ta farko ɗan akwatin riset, girmansa bai wuce akwatin ashana ba sosai, da 'yan allurai a bakinsa masu lotsawa, ka daidaita su da ɗigogin cip ka danna ka riƙe 'yan daƙiƙu, jar wuta ta ƙifta sannan ta koma kore, shikenan an rubuta masa cewa ya cika. Kowane jerin katirij da nasa akwatin, na T0711 ba lallai ya yi wa wani ba, kada mai shago ya ce maka wai guda ɗaya na yin duka. In jar wutar ta ƙi komawa kore, duba ko alluran sun zauna daidai, goge cip ɗin, sannan ka duba batir, don sau da yawa ƙananan batiran ciki ne suka yi sanyi tun a kanti. Wasu cip ɗin kuma in ka bari suka kai sifiri ba sa karɓar riset, shi ya sa masu yi kullum suke cirewa tun yana da ɗan saura.

Hanya ta biyu ita ce katirij na roba mai haske wanda aka yi shi musamman don ɗuri, da cip mai riset da kansa. Mutane na jin sunan sai su ɗauka da ka zuba tawada zai nuna ya cika, a'a, shi ma bai san ka zuba ba. Yawancinsu sai lissafi ya sauka har ƙasa, firinta ta ce tawada ta ƙare ko ta ce ba ta gane katirij ɗin ba, sannan ka bi matakin canza katirij, ka zare shi ka ɗan jira ka mayar, sai ya hau ya cika. Wasu tsofaffin da ka kashe firinta ka kunna suke komawa, masu tanki a waje da siraran tiyo kuma da yawansu akwai ɗan maɓalli a kan jerin cip ɗin da ake dannawa. Haɗarin wannan tsarin a bayyane yake in ka yi tunani, lambar na tafiya a hanyarta tawadar na tafiya a tata, za ka iya ganin kwamfuta na nuna rabi alhali katirij ya bushe ƙaf, ko ta ce ya ƙare alhali cike yake. Ni shawarata kullum ita ce duk lokacin da ka buɗe murfi saboda kala ɗaya, cika sauran duka a zama ɗaya, don kowane cirewa da mayarwa yana sa firinta ta ja tawada daga dukkan kalolin. Kuma waɗannan katirij ɗin toshe biyu gare su a sama, na ɗuri da na iska, lokacin aiki na ɗuri a rufe na iska a buɗe, in ka manta na iska a rufe za ta buga shafi kaɗan lafiya sai kala ta ɗauke, ka yi ta wanke hed a banza.

Canon ma tana da masu cip, tun daga PGI-5 da CLI-8 har zuwa su PGI-450 da CLI-451, da 'yar jar wuta a jikin kowane katirij. Da yawa daga cikin waɗannan suna da ɗan ido na gaske ban da lissafi, akwai ɗan gilashi mai kusurwa a ƙasan ɓangaren da tawada ke kwance, firinta na haska shi, in tawada ta janye daga kansa hasken ya dawo mata sai ta san saura abin da ke cikin soso. Za ka iya danne Stop ka kashe gargaɗi a nan ma, amma asara ce, don hed ɗin waɗannan firintocin yana da tsada har wani lokaci gara ka sayi wata firintar, akwatin riset ya fi, yana bar maka gargaɗinka yana aiki. Tsofaffin Brother kuwa irin masu LC1000 da LC1100 ba su da cip sam, wani ɗan abu ne mai yawo a kan tawada yake tare haske ta wata 'yar taga, in ka cika sai ya taso da kansa, su kam da gaske suke gani.

To me ya sa kamfanoni suka ɗora mana wannan wahalar? Amsa biyu ce kuma duka gaskiya ne, wanda ya faɗa maka ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi maka adalci ba. Ta farko kasuwanci, ana sayar da firinta da araha ne don a ci riba a tawada, dubi HP 305 baƙi na talakawa, tawadar cikinsa kusan mil 2 ce, shafi wajen 120 a ma'auninsu, PG-445 mil 8 shafi wajen 180, alhali kwalbar Epson 664 mil 70 ce. Rigimar ta kai kotuna a Amurka, a 2006 Epson ta yi sulhu a wata ƙarar taron masu saye da suka ce firinta na cewa katirij ya ƙare alhali da sauran tawada, a 2017 kuma kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Impression Products da Lexmark cewa in kamfani ya sayar da katirij ba zai fake da haƙƙin ƙirƙira ya hana a ɗura a sake sayarwa ba. A Satumbar 2016 masu HP OfficeJet da yawa a duniya suka wayi gari firintocinsu sun ƙi katirij masu cip da ba na HP ba, saboda wani tsari da aka shigar ta sabunta manhaja, kamfanin ya nemi afuwa kan rashin yin bayani amma tsarin na nan a sababbin firintocinsu. Darasin da ke ciki ga mai shago a Legas shi ne, in da cip na kasuwa kake aiki kuma firintarka na hawa intanet, shiga saiti ka kashe sabunta manhaja ta kai tsaye, in ba haka ba wata safiya duk cip ɗin da ka saya sun zama shara, kuma komawa tsohuwar manhaja ba abu ne mai sauƙi ba.

Amsa ta biyu ita ce wadda masu ɗuri ba sa son ji, gargaɗin yana kare hed da gaske. Hed ɗin Canon da HP da zafi yake aiki, a bayan kowane ɗan ramin feshi akwai ɗan ƙaramin hita da ke zafafa tawada zuwa wajen digiri 300 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kumfa ta tashi ta tunkuɗo ɗigo waje, sabuwar tawada ta shigo ta sanyaya wurin, haka sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Tawadar ita ce mai sanyaya hitar. In ka ci gaba da bugawa babu tawada hitocin na ƙonewa, kuma wanda ya ƙone ya ƙone, babu ruwan zafi ko sifirit da zai dawo da shi, za ka ga farin layi a wuri ɗaya a kowane shafi har abada. Na Epson ba ya amfani da zafi, wani ɗan abu ne ke motsi in wuta ta taɓa shi ya turo ɗigo, shi ya sa ma shi ne masu buga kofi da riga a Shomolu ke zuba wa tawadar sablimeshan, amma shi kuma maƙiyinsa iska ce, in ta shiga sai an sha wanki kafin ta fita, wankin kuma tawada yake ci. Kaga kenan ranar da ka kashe gargaɗi ko ka yi riset, aikin gadin ya dawo wuyanka.

Yadda za ka yi gadin ba wuya. Ka cika tukuna sannan ka yi riset, kada ka juya su, don in ka yi riset ka ce anjima zan ɗura, kwastoma zai shigo ka manta. Mai katirij na roba mai haske ya riƙa ɗaga murfi yana dubawa da safe, in ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku a ƙara. Mai katirij baƙi wanda ba a ganin cikinsa ya nemi ɗan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, ya auna shi ranar da ya cika ya rubuta a jikin bango, mil ɗaya na tawada kusan giram ɗaya ne, kaga in ka sake aunawa ka san nawa ya tafi ba tare da ka tambayi kwamfuta ba. In babu sikeli ka ɗaure wa kanka ƙa'ida da takarda, in ka buga takarda kaza daga cikin rim ka ƙara tawada ko ba ka ga alama ba, kuma da ka ga rubutu ya fara dusashewa ko fuskar mutum a hoton fasfo ta koma shuɗi-shuɗi ko ja-ja, tsayar da aikin a tsakiyar shafi, kada ka ce bari in ƙarasa wannan.

Ɗurin kansa yana da hannu wajen sa firinta ta ƙi katirij har a ɗora wa riset laifi. Ka ɓare takardar saman, ka sa allura a hankali cikin soso ba har ƙasa ba don akwai 'yar rariya a ƙasan da allura ke iya hudawa, ka riƙa turawa sannu sannu, da ka ga tawada ta fara tasowa a bakin ramin ka ja kaɗan baya ka tsaya. Ƙananan katirij sosonsu bai cika cikin kwalin ba, in ka ɗura musu sirinji guda cike sauran zai kwanta a gefe ya riƙa ɗiga ta hed, ya jiƙa tagullar baya, firinta ta fara cewa katirij ya samu matsala. A na kala kada ka yarda da hoton intanet, sa tsinken sakace a kowane rami ka ga kalar da ya fito da ita, kuskure ɗaya ya gama da katirij ɗin. Bayan ka gama ka dangwala hed ɗin a kan tishu mai ɗan damshi, baƙi ya ba ka layi ɗaya cikakke, na kala ya ba ka layi uku a jere kowanne da kalarsa, in sun fito to tawada na sauka. Sai ka goge tagullar da auduga da ɗan sifirit ka bari ta bushe. Wannan gogewar a Legas ba ƙawa ba ce, damshin garin nan musamman da damina yana sa tagulla ta yi dusu-dusu, da yawa daga cikin katirij ɗin da ake cewa sun mutu datti ne kawai a bayansu. Wanda ya saba da Kano ko Sakkwato ya san can bushewar hed ce matsala in hunturu ya kama, a nan kuwa takarda ce ke shan damshi tagulla kuma ta yi tsatsa.

Ga kuma wutar lantarki. In aka ɗauke wuta ko ka kashe janareta firinta na tsakiyar aiki, hed bai koma mazauninsa ya rufu ba, in aka daɗe sai ya bushe, da yawansu kuma in suka tashi bayan irin wannan yankewar sai sun yi wanki kafin su fara, wankin nan na shiga lissafi, shi ya sa wani zai ce bai buga komai ba amma tawada na sauka. Ƙaramin UPS ya isa, firinta ta tawada ba ta jan wuta sosai, kuma in za ka tashi kashe ta da maɓallinta ka jira ta yi shiru kafin ka zare soket.

Akwai wata matsalar da babu riset ɗin da ke maganinta, ita ce ta firinta tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje. Kamfanoni sun raba duniya shiyya-shiyya, katirij iri ɗaya amma lamba daban, abin da muke kira HP 123 a nan shi ne 302 a Turai 63 a Amurka, PG-445 namu kuma 545 ne a Turai 245 a Amurka. In ka sayi firinta da aka shigo da ita daga Ingila a Alaba ka saka mata namu za ta ƙi, ba don tawada ba. Kafin ka biya kuɗi buɗe murfin ka karanta lambar da ke rubuce a mazaunin katirij, sannan ka tabbatar ana samun irinta a layin Otigba da ke Computer Village.

Masu tanki na kamfani, irin Epson L da Canon G, sun rage wannan rigimar sosai shi ya sa duk mai buga abu da yawa ya koma can, amma su ma da ɗan nasu. L800 ta farko sai ka shigar da lambar da ke jikin kwalbar tawada kafin ta yarda ka cika. Su L110 da L210 in wutar tawada ta kama sai ka cika tankuna har layin sama sannan ka danna maɓallin tsayarwa ta sake ƙirga. Canon G ma akwai wurin sake ƙirga a manhajarta, sharaɗin dai ɗaya ne, a cika har layin sama tukuna, don ita za ta ɗauka cike yake. Sauran kuma idonka ne, kada tawada ta sauka ƙasa da layin ƙasa.

Riset na ƙarshe shi ne wanda aka fi cuɗanya shi da na tawada alhali ba su haɗa komai ba, kuma shi ne ya fi kawo mutane wurin gyara. Duk tawadar da firinta ke zuƙewa lokacin wanki tana tafiya ne cikin wani soso a ƙasanta, shi ma ƙirga shi ake yi. In lissafinsa ya cika Epson sai wutocinta su riƙa ƙiftawa kwamfuta ta ce soson ya kai ƙarshen aikinsa a nemi gyara, Canon kuma ta nuna 5B00. Wannan ba a jikin katirij yake ba, a ƙwaƙwalwar firinta yake, da manhajar gyara ake goge shi a kwamfuta ta wayar USB, wata sai ka sayi lambar buɗewa ta amfani sau ɗaya, na kyautan da ke yawo kuma da yawansu sai sun ce ka kashe antibairos kafin su buɗe, dan Allah kada ka yi wannan a kwamfutar da ke ɗauke da takardun mutane. Wani dattijo mai buga takardun Islamiyya ya taɓa kawo min tasa a cikin buhu, gindinta na ɗigar baƙin ruwa, ya ce "ɗana duba min, an yi mata riset ɗin nan sau da dama tana tashi lafiya, yau kuma na tarar tebur ya jiƙe har rijistar ɗalibai." Na ce "Baba, wanda ya yi maka ya taɓa kwance bayanta ya ciro soso?" Ya ce shi dai waya kawai yake gani ana sakawa. Da muka buɗe soson ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka, tawada ta bi ƙasa ta kusa kai wa allon wuta. Goge lambar kan wuce lafiya a karon farko don kamfani na barin rata, amma daga nan dole a canza soson, ko a wanke shi a shanya ya bushe sarai, ko a zaro tiyon sharar ta baya a sa shi cikin 'yar gora a ajiye ta ƙasa da bakin tiyon ba sama ba don kada ta koma ciki. Sababbi irin Epson L8050 da Canon G3420 an yi musu akwatin shara mai cirewa da nasa cip, ka saya ka zare tsohon ka tura sabo, lissafin ya koma farko da kansa.